Yadda Ciwon Sidi Ya Iso Magarya

Wannan babin na baffanku Ummaru ne, kuma na daɗe ina kewaye shi. Na san abin da kuka taso kuna ji a kansa. Ba wanda ya zaunar da ku ya gaya muku, a bakin ƙofa kuka tsinta, wajen mata masu surfe da maza masu jiran sallah: wai ya kai albasar mutane Kumasi, ya sayar da tsada, ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Ni Haliru na raka shi wannan tafiyar, ƙafata ƙafarsa, kuma tun da idona bai gama mutuwa ba zan rubuta abin da na gani. Mai so ya ce bakinmu ɗaya, ai an riga shi faɗa.

Mu uku mahaifinmu ya bari a gandu: Yaya Ummaru, ni, da autanmu Sahabi. Tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, gonaki uku. Akwai ta gero a tudun Magarya, akwai fadama inda ruwan dam ɗin Goronyo ke isowa, akwai kuma wata 'yar gona a Maikujera ta wajen dangin uwarmu. Wahalar zuwa Maikujera ta fi amfaninta, amma tsoho bai taɓa yarda a saki ba. Yakan ce fari ba ya cin gona uku a shekara ɗaya, in ya ci tudu sai ya bar maka fadama. Da wannan karatun muka girma, kuma bai taɓa ba mu kunya ba a harkar noma. Ban da gandu kowa yana da gayaunarsa, wadda abin da ta ba shi nasa ne shi da iyalinsa. Ta Yaya Ummaru ita ce mafi kyau, wata fadama mai baƙar ƙasa can wajen Goronyo, da guminsa ya saye ta tun yana saurayi.

Shi ne mai kai albasa Gana. Ya yi shekaru yana yi, har ya zama in tirela ta tsaya a bakin gari, mutanen Magarya da Marnona da surukanmu na Maikujera kowa sai ya kawo 'yan buhunansa ya sa alama da shuni ya ce, ga amana nan. Ba shaida, ba rantsuwa. In ya sayar, a hanyar dawowa ya tsaya Ƙonni ta Nijar ya sayo wa kowa irin albasa na shekara mai zuwa, sauran kuɗi ya kawo wa mutum har gida. Mutum ne mai sanyi har yana ba ni haushi. In ka zage shi sai ya tambaye ka lafiyar iyali. Ni kuwa kun san ni, ba a taka ni in yi shiru, shi ya sa ma yake tafiya da ni, don a samu mai faɗa da 'yan kamasho.

A shekarar da nake magana albasa ta yi kyau ƙwarai. Muka jera ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiye ta iska na ratsawa, muka jira har ta yi daraja, sannan muka yi lodi. Ga yadda kuɗi ke tafiya a wannan sana'ar, don sai kun gane shi za ku gane sauran. A gida da naira muke noma. Daga ketare iyaka, duk abin da za ka biya a Nijar da Burkina da sefa ne, irin albasa ma da sefa ake sayensa. A Kumasi kuwa da sidi za a biya ka, kuɗin Gana. Kuɗi uku ke nan a tafiya ɗaya, kuma a da ba mu ɗauke su komai ba sai kamar canza riga. Ka miƙa wa ɗan canji wannan, ya miƙo maka wancan, ya cire ɗan ladansa, a yi sallama.

Ranar da muka sauke kaya, matan kasuwa suka yi wa albasar caa. Kuɗin da suka taya buhu ban taɓa jin irinsa ba tun da nake zuwa. Yaya Ummaru da ba ya doguwar magana har waya ya ɗauka ya kira Sahabi don murna, ya gaya masa yadda aka sayar. Ina tsaye ina jin Sahabi yana kabbara ta cikin wayar. Kafin la'asar duk Magarya ta ji, kowa ya zauna ya auna buhunansa da canjin bara, ya ga kansa ya yi arziki. Daga baya na ji har akwai wanda ya je Wurno ya taya babur. Abin da ba mu lura ba shi ne, ba albasarmu ce ta yi tsada ba, kuɗinsu ne ya fara lalacewa, komai na kasuwar ya tashi tare.

A can ba a biya nan take. Matan sukan ɗauki kaya, sai sun sayar su kawo kuɗi kaɗan-kaɗan ta hannun maigidan da ya sauke mu a Zango, unguwar Hausawan can. Haka aka saba, ba cuta a ciki. To a wannan jiran ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Akwai wani ɗan canji Bagobiri, Malam Isuhu, da ya daɗe a can, wurinsa muke canji kullum. Da safe ya faɗa maka kuɗin sefa, ka je ka sha koko ka dawo, ya ce wancan zance ya wuce. Wayoyi ne a gabansa kamar mai sayar da su, wannan na ƙara yana ɗaukar wancan. Rannan na kasa haƙuri na dafa teburinsa.

Na ce, "Malam Isuhu, kai dai ka ji tsoron Allah. Jiya wani abu kac ce, yau da sahe wani, yanzu kuma wani. Mi munka yi maka?"

Ya ce, "Haliru, zamna. Wallahi ni ma ban san abin da za ni hwaɗa maka in an jima ba. Ba ni ka yanka kuɗɗin ga ba."

Na ce, "To wa ka yankawa? Mu sidi munka kawo, sehwa muka so. Ina ruwanmu da dalar Amurka da kaka ta kira muna?"

Ya ce, "Ruwanku na hwa. Masu manyan kuɗɗi na waje sun ga dala ta hi riba can gida, sun kwashe abinsu sun tahi. Mai shigo da shinkahwa da mai shigo da magani dut dala suka nema, babu. Wanda bai samu dala ba mi za shi yi? Shi rugo ga sehwa, don ita ta kusa, kuma tana ɗaure ga kuɗɗin Turawa, ba ta rawa kamar namu. Kai da albasarka kana layi ɗaya da su. Kowa na son shi yada sidi shi kama wani abu."

Na ce to a ba mu naira kai tsaye mana, ai ita ba ruwanta da Gana. Sai ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce ba mai auna sidi da naira kai tsaye, sai an auna kowanne da dala tukuna, kuma tun da sidi ya fara zubewa 'yan canjin Legas da na Kwatano da na Lome suka ɗaga kunne, kowa na tambayar wa zai bi baya. Naira ma ta fara rawa. Wanda zai ba ka naira a Sakkwato yana tsoron kafin kuɗinsa su dawo hannunsa sun rage, don haka sai ya cire ladan tsoro, shi ma na Kumasi ya cire nasa. Duk wanda kuɗin suka bi ta hannunsa sai ya yanki abin kare kansa, kuma daga jikin albasarmu ake yanka.

Da kuɗin suka gama taruwa, Yaya Ummaru ya yini bai ci abinci ba. Muna zaune a ƙofar maigida, jakar na tsakanin ƙafafunsa, cike fam, ta fi ta kowace shekara nauyi, amma ya san abin da ke ciki ya riga ya rame.

Ya ce, "Haliru, kuɗɗin mutane na. In nic canza su dut yau, gobe sidi ya tashi, mi za ni ce musu? In nib bar su dut, shi ƙara hwaɗuwa, mi za ni ce musu?"

Na ce, "Yaya, ni dai ban san kan abin ga ba. Abin da kag gani shi za mu yi."

Ya ce, "To mu yi yadda tsoho ka yi da gona. Mu raba ukku. Ba su mutuwa gaba ɗaya."

Haka aka yi. Kashi ɗaya ya canza sefa a ranar, don hanya da irin mutane. Kashi ɗaya ya ba Malam Isuhu a kan mu karɓi naira a Sakkwato. Kashi ɗaya ya bar wa maigida a sidi, a jira ya farfaɗo. Ku duba da kyau, ko akwai wawanci a nan? Hikimar ubansa ya bi, wadda ta ciyar da mu shekara da shekaru. Sai dai gonakin tsoho kowace da samanta, ruwan da ya ƙi Magarya yana iya sauka Maikujera. Su kuwa kuɗin nan uku ashe rijiya ɗaya suke sha, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana.

A Ƙonni muka tarar ciwon ya riga mu isowa. 'Yan kasuwarmu na Najeriya sun ji naira na rawa, su ma sun rugo neman sefa, 'yan canjin bakin iyaka suna ta ɓoye ta. Masu iri da a da in sefarka ta gaza suke karɓar naira da murna, yanzu ko kallonta ba sa yi, kuma sun ƙara wa irin kuɗi don sun ga ana rububi. Sefar da muka riƙo ta sayi iri, amma bai kai abin da mutane suka yi sautu ba. A Sakkwato muka karɓi nairar Malam Isuhu bayan an yanke mata ladan tsoro gaba da baya. Muna isa gida maigidan Kumasi ya kira, ya ce sidi ya yi faɗuwar da ya ji tsoron kuɗin amana su zama takarda a hannunsa, ya canza su duka ya turo mana. Ya canza a ranar da abin ya fi muni. Ban zarge shi ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Ba a daɗe ba kuma sidi ya ɗan farfaɗo, rediyo ya faɗa, duk Magarya ta ji wannan ma.

To ku sa kanku a matsayin mutanen gari. Sun ji da kunnensu an sayar da tsadar da ba a taɓa yi ba. Sun ji a rediyo kuɗin Gana ya tashi. Ga Ummaru ya miƙo musu abin da bai kai na bara ba, da irin da bai isa fadama ba. Aka taru a zaurenmu. Yaya ya yi bayani tiryan-tiryan, da muryarsa mai sanyi, yana kallon tabarma. Ni na karɓa da zafi, na kawo zancen dala da masu shinkafa da 'yan canjin Legas, ina ji da kaina zancen na fita kamar tatsuniya. Mutumin da bai taɓa wuce Illela ba, ka ce masa wani Bature ya kwashe kuɗinsa a wata ƙasa shi ya sa albasarsa ta Marnona ta rame, me kake so ya ce? Ba baƙo ne ya fara magana ba, Sahabi ne.

Ya ce, "Yaya, ni kak kira da bakinka kah hwaɗa mani yadda anka saida. Ko ba kai ba na?"

Yaya ya ce, "Ni na."

Ya ce, "To albasa dai ba ta ruɓe ba, mota ba ta hwaɗi ba, ɓarayi ba su tare ku ba. Kuɗɗi na cikin jikka, jikka na hannunka. Ta ina sunka hita?"

Na miƙe na ce masa ƙaramin mara kunya, wanda ya goya ka kake tuhuma? Aka rirriƙe ni. Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifinmu, tana bayan ƙofa tana ji, ta ɗaga murya ta ce, "Ku ji tsoron Allah, ɗiyan Mamman. Ummaru ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba." Wani daga cikin taron ya ce, a hankali amma kowa ya ji, ai ba a san mutum sai ranar da ya ga babban kuɗi. Ba wanda ya ce ɓarawo a ranar. Kowa ya karɓi nasa ya fita ba godiya.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila lokaci ya wanke shi, don a shekarun da suka biyo baya kowa ya ɗanɗana. Naira ta yi tata faɗuwar, taki da man injin ban-ruwa suka gagari talaka, har yaran gari suka iya tambayar kuɗin sefa kafin su gaishe ka. Amma Yaya Ummaru bai iya jira ba. Mutum ne da bai taɓa shiga masallaci an yi shiru don shi ba. Wata safiya ya same ni ina gyaran hanyar ruwa a fadama, ya tsuguna ya ce zai sayar da gayaunarsa ta Goronyo ya cika wa kowa abin da ya sa rai.

Na ce, "Yaya, kada ka yi. Wallahi kada ka yi. Ba ka ci ba, mi za ka biya?"

Ya ce, "Amana ta. Da hannuna nik karɓa, ba ta dawo yadda sunka ba ni ba."

Na ce, "Ba kai kar rage ta ba! In ka biya, cewa za su yi ka amsa."

Ya ce, "Su ce. Ni dai in samu in ɗaga kaina."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na turo Gwaggo Ige ta yi masa kuka. Ya sayar wa wani mai kuɗi na Wurno. Ya bi gida-gida, Magarya da Marnona har Maikujera a kan babur ɗin haya, yana cika wa kowa bisa lissafin da mutum ya yi wa kansa da canjin bara, lissafin da bai taɓa zama gaskiya ba ko na yini ɗaya. Sahabi ma ya karɓi nasa. Kuma abin da na faɗa shi ya faru, ban taɓa baƙin cikin zama mai gaskiya irin na wannan karon ba. Kafin sati ya zagayo zancen ya zama ɗaya a bakin kowa: in bai ci ba, me ya sa ya biya? Wa ke sayar da fadama don laifin Bature? Waɗanda da suke shakka ma yanzu suka samu hujja.

Da kaka Sahabi ya ce a raba gandu. Ba a yi faɗa ba, na ma fi son a ce an yi. Aka kira dattawa, aka auna gero, aka ja katangar kara a tsakar gidan da aka haife mu. Ku da kuke ƙanana kuna tsallaka ta kuna wasa, ba ku san me take nufi ba. Da albasa ta sake nuna, tirela ta tsaya a bakin gari, Yaya ya sa rigarsa ya fita ya tsaya inda ya saba tsayawa. Mutane suka riƙa wuce shi da buhuna a kan jakuna, suna gaishe shi da ladabi, suna kai wa wani. Ya tsaya har aka ɗaure tamfol. Daga ranar bai sake zancen Kumasi ba, kuma bai ɗaga kan da ya ce zai ɗaga ba. Ya koma noman ɗan abin da ya samu a rabon gandu, ya rame, ya daina zama a majalisa. Ciwon da ya kwantar da shi ba wani babba ba ne, irin wanda mutum ke tashi ne in yana son tashi.

Ranar da ya rasu an taru sosai, don mutanenmu ba sa ƙin jana'iza. Aka ajiye shi a gaba, aka daidaita sahu. Kafin a yi kabbara liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai wata magana tsakaninsa da mamaci, a faɗa ko a yafe. Aka yi shiru. Na ji sanyi a raina, na ce ko yanzu dai ya tafi da mutuncinsa. Sai Sahabi ya matso gaba, hawaye na zuba a gemunsa, kuma na rantse muku kukan gaskiya yake yi.

Ya ce, "Jama'a ku shaida. Abin da Yaya yac ci na albasa, ni na yahe mai duniya da lahira."

Sai murya ta tashi daga sahu, nan da can, na yahe, ni ma na yahe, mun yahe. Liman ya ce Allah shi saka muku da alheri. Mutanen da ya sayar da gonarsa ya biya su abin da bai ci ba, su ne suka tsaya a kan gawarsa suna yi masa alheri. Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa magana ba, amma me zan ce? A gaban gawa ake gardama? Wa ya taɓa tashi a jana'iza ya ce kada a yafe wa ɗan'uwansa? Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara, na bi, ban san abin da na karanta ba.

Ba na sa ran wannan rubutun zai canza zancen gari. Waɗanda suka yafe sun tafi gida da ladansu, sun gamsu, kuma gonar Goronyo ba za ta dawo ba. Baffanku Sahabi yana nan da ransa, ku ci gaba da gaishe shi, bai yi don mugunta ba, abin da ya gane ke nan. Abu ɗaya nake roƙonku, ku 'ya'yana, har da 'ya'yan Ummaru da 'ya'yan Sahabi in rubutun nan ya kai gare su. In kun je kabarinsa ku yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowa, ku roƙa masa rahama. Amma kada in ji, ko ina raye ko bayan raina, wani cikinku ya ce ya yafe masa.